Ɗangana da Masallacin da Na Gina Ban Sani Ba

Shekara goma sha tara katanga ɗaya ce tsakanina da Ɗangana a unguwar Bilbis, nan Tawa, amma da za a jera mu goma a rufe mana ƙafafu da tabarma, ba zai iya fidda ni ba. Ba makaho ba ne, idonsa ya fi nawa. Kansa ne kullum a sunkuye, kamar wanda ya yar da allura tun yana saurayi har yau bai haƙura ba. In ka gaishe shi, ƙafarka yake amsa wa.

"Lahiya lau, Agwagwa. Ka canza takalmi."

Sunana Almustafa, amma a bakinsa ni Agwagwa ne, wai tafiyata a bubbuɗe take. Ƙari a kan haka ƙafata ta dama yatsa huɗu gare ta, na biyar ɗin sarƙar moto, wato babur, ta cinye shi lokacin da nake kabu-kabu da silifa. Ni kuma Tsoho nake ce masa. Abokin kakana ne, tare suka yi kiwo a dajin Takanamat, saboda haka tun daga ciki aka haife ni da permi, wato izinin tsokanarsa.

Sana'arsa bin sawu. Ran Lahadi yakan shimfiɗa buzunsa a bakin kasuwar dabbobi, duk wanda bisarsa ta ɓace ko aka sace ya same shi a nan. Jandarmomi ma sun sha zuwa da mota su ɗauke shi. An taɓa sace wa wani mutumin Kalfu rago, ɓarawon ya yi dabara ya sa takalminsa gaba a baya don a ɗauka fita ya yi alhali shiga ya yi. Ɗangana ya duba sau ɗaya ya ce, "Wanga mutum dai, ko duddugensa a gaba shike, ko ya raina mu." Ya bi sawun a juye har ƙofar wani gida, ya shimfiɗa buzunsa ya zauna.

Wannan ita ce ƙa'idarsa, kuma ku riƙe ta, don ita ta kama ni daga baya. Ɗangana ba ya faɗin sunan mutum. Zai kai ka inda sawu ya ƙare, ya zauna, ya fiddo goro. In an matsa masa sai ya ce, "Ni ƙasa nika karantawa. Suna na mai shi ne, shi hwaɗi da bakinai." An ce ɓarawon ragon nan bai kai la'asar ba ya fito da kansa, don ba wanda zai iya jure tsoho a ƙofar gidansa yana tauna goro bai ce komai ba.

Duk Ba'adare in ya tasa sai ya tafi biɗa, ko Abijan ko Libiya ko Kamaru. Shi ma ya je Abijan sau ɗaya. Wata uku ya yi ya dawo da rediyo guda da magana guda: wai garin an shafe masa baki da gudiro, wato kwalta, mutum dubu su wuce ƙasa ba ta ce uffan ba, shi ba zai kwana inda ƙasa ta zama bebiya ba. Matarsa Inna Mariama kuwa takan ce bai taɓa cewa tana da kyau ba. Sawunta ya gani a bakin rijiya, ya bi shi har gida, ya gaida mahaifinta. Ta ce sai bayan an ɗaura aure ya ɗago kai, ya ga Allah ya rufa masa asiri.

Ɗiyarsu guda, Haula. Tana aure a Gawo Biyu, wata rijiya arewa da Takanamat, inda mijinta Muktari yake jan ruwa da raƙuma yana shayar da garkunan mutane. Tsakanin Ɗangana da Muktari akwai kunya irin ta da, wadda ba a yayinta yanzu. Ba su haɗa ido, ba su ci tare. In Muktari ya kawo cuku da gaisuwa, daga bayan zana yake durƙusawa. Ɗangana bai taɓa kiran sunansa ba, "mutumin Gawo Biyu" yake cewa. Ni kuwa wannan ya zame mini abin wasa.

"Tsoho, na manta, mi ma sunan surukinka?"

"Tahi ka tambayi sarƙar da ta ci yatsanka."

To, ga yadda na shiga labarin da ƙafata, kuma ƙafar nake nufi.

Motona ya mutu mutuwar da ba tashi, na zauna gida ina gyara inuwa. Sai aka ce wani kamfani yana neman leburori, za a kafa wa sojoji wasu na'urori a arewa. Kowa ya san halin da wajen yake ciki, ba sai na faɗa ba: daji mai faɗi, iyaka ba shinge, ga masu moto da bindiga. Na je aka tambaye ni karatu, na ce na yi lakwal shekara uku, ban dai ce biyu daga ciki a aji ɗaya na yi su ba. Aka ba ni shebur.

Shugabar aikin wata injiniya ce 'yar Damagaram, Madam Hadiza, siririya mai tabarau, wadda in ta yi maka bayani sai ka ji kamar ka gane. Na'urorin iri uku ne. Akwai ƙaramin akwati da ake binnewa a bakin hanya, yana jin takun duk abin da ya taka ƙasa, mu leburori muka sa masa suna kunne. Akwai kamara a kan dogon ƙarfe bisa tudu, da faifanta na hasken rana, tana hango nesa, ita ce ido. Sai wata da ke sauraron ƙarar inji kawai. Duk ukun suna aika labari wani ɗaki a Tawa, inda ordinater, wato kwamfuta, take haɗa maganarsu wuri guda.

"Kowacce ita kaɗai wawuya ce," in ji Madam. "Amma in ukun suka faɗi abu ɗaya, shaidu uku ke nan."

An rantsar da mu kada mu faɗa wa kowa. Na riƙe amanar tun daga buro, ofishin kamfanin, har ƙofar gidan Ɗangana.

"Tsoho, naɗe buzunka. An kawo magajinka cikin kwali. Ba shi cin goro, ba shi ciwon gwiwa."

Na zayyana masa shaidun uku. Ya saurara yana kallon ƙafata.

"Su ukun, akwai wanda ya taɓa shan ruwan rijiyar wurin?"

"Na'ura ce hwa, Tsoho."

"To baƙi ne. Baƙo uku, ko sun haɗa baki, baƙi ne."

Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce hassada ce ta tsufa.

Dokar binne kunne guda biyu ce. Ta farko, in ka rufe ramin ka zuba ruwa ka daddanna ƙasar ta yi tauri kamar ba a taɓa ta ba. Ta biyu, wadda Madam ta maimaita har ta gaji: kada a bar alama ko ta tsinke, wurin yana rubuce a cikin na'urarta ta hannu. Sai dai ni aka ɗora wa canza batir. Ranar da aka fara aika ni neman kunne na huɗu, na'urar hannun ta ce "nan ne," na haƙa ba nan ba ne. Na wuni ina tona daji kamar gafiya, rami goma sha ɗaya, rana tana dafa mini ƙeya. Daga ranar na yanke wa kaina shawara cewa Madam ta yi karatu, amma ni ke riƙe da shebur.

Kunne na goma sha bakwai ni kaɗai na binne shi, a bakin hanyar da ke zuwa rijiyar Gawo Biyu, ƙarƙashin wata ƙaya mai inuwa, sauran suna can gaba da mota. Ƙasar wurin laka ce. Na zuba ruwa, na dubi sabon takalmina na ga bai cancanci wulaƙanci ba, na tuɓe shi na danna lakar da ƙafata tsirara. Sannan na zauna a inuwa na jingina da icen, na tsinci duwatsu bakwai, na jera su iyakar inda hannuna ya kai ba tare da na tashi ba. Suka yi rabin da'ira. Icen yana yamma, ni ina kallon gabas. Wallahi ban lura ba. Na watsa ɗan rairayi a kan lakar, na tafi ina yaba wa kaina.

Duk wanda ya taɓa tafiya a dajinmu ya san abin da rabin da'irar duwatsu mai kallon gabas yake nufi. Haka matafiya suke shata wurin salla. Wanda ya zo ya tarar sai ya yi tasa sallar, ya ƙara dutse ɗaya don lada, ya wuce. Ni da na taso ina ganin wannan, ni ne kaɗai ɗan Adar da bai tuna ba.

Bayan kamar kwana arba'in na ga hankalin Madam ya tashi. Wai kunne na goma sha bakwai ya hana kowa sakat. Kunne ya ce mutane suna taruwa, su tsaya cik, su zube ƙasa gaba ɗaya, su miƙe gaba ɗaya. Ido daga tudu, da yake nesa ne ƙwarai, ɗigo-ɗigo kawai yake gani, amma ya ce a jere suke, da mutum ɗaya a gabansu. Mai sauraron inji ta ce motoci masu ƙafa biyu suna zuwa, a kashe su minti goma, a tayar a watse. Shaidu uku sun haɗa baki: wasu na koyon aikin soja a bakin hanyar rijiya.

Kun san abin da na yi? Ƙirji na buɗe. Na ce kunnena ne, ni na binne shi, shi ya fi na kowa ji. Da labari ya zo cewa sojojin sintiri sun je sun kama mutum a wurin, da shebur a gefensa da akwatin a hannunsa, har shayi na saya wa 'yan fadarmu.

Na dawo gida da hantsi ina fito, na ji kuka a gidan Ɗangana. Na leƙa. Haula ce zaune a tsakar gida, ƙurar hanya har gira, Inna Mariama ta riƙe ta.

"Yaya Almustafa, sun tahi da maigidana," in ji Haula. "Ba abin da ya yi. Masallacin bakin hanya ne shika gyara. Ya ce wurin sujada ya yi tudu shina damun tsohhi, bari shi baje shi, shi zuba rairayi. Shebur ya ci karo da wani akwati, ya ɗauka shina dubawa, sai ga mota."

"Wane masallaci?" na ce. "Babu masallaci a hanyar nan."

"Akwai. Na duwatsu, ƙarƙashin ƙaya. Bana wani bawan Allah ya shata shi, ba a san ko wane ne ba. Kowa na sa mishi albarka."

Bawan Allahn kuwa ga shi tsaye a gabanta.

Zan so in rubuta cewa nan take na ruga buro na faɗi gaskiya. Ban ruga ba. Gida na shiga na kwanta, na ce wa matata zazzaɓi ne. Na lissafa: na karya doka, na sa an tayar da motocin soja, na bar alama a kan kayan tsaro. In an ce da gangan na yi don in nuna wa 'yan bindiga wurin fa? Wa zai yarda cewa lalaci ne kawai? Kwana biyu ina zazzaɓin ƙarya, ta katanga ina jin Haula ta ƙi cin abinci. A rana ta biyu labari ya zo cewa ran Alhamis za a wuce da Muktari Yamai. Wanda aka wuce da shi Yamai a kan irin wannan zargi, ba a tambayar ranar dawowarsa.

Ran Talata da safe na ji sanda tana ƙwanƙwasa ƙofata.

"Agwagwa, mai zazzaɓi ba shi zuwa bayan gida da sauri haka. Na ga sawunka. Taso ka kai ni wurin Madam taka."

Madam ta kai mu gaban hafsan da maganar take hannunsa, Liyetna Abdulaziz, gajere mai kaurin wuya, irin mutanen da dariya take jin tsoronsu. Ya san Ɗangana a bakin jandarmomi, saboda haka ya ba shi kujera. Ɗangana ya zauna a ƙasa.

"Baba, in roƙo ka zo yi wa surukinka, ka yi haƙuri. Na'ura uku sun ba da shaida, kuma an kama shi da kayanmu a hannu."

"Ranka shi daɗe, ban zo roƙo ba. Mutumin Gawo Biyu, in ya yi, ku tahi da shi. Ni dai na ji an tambayi kunne, an tambayi ido. Ƙasar da abin ya hwaru bisanta, an tambaye ta?"

Liyetna ya dubi Madam, Madam ta gyara tabarau. Ya ce gobe Laraba akwai sintiri wajen, in tsoho zai iya jure mota, bismilla. Ni ma aka ce in zo, tunda ni na san wurin. Na ce zazzaɓi. Ɗangana ya ce iskar daji magani ce.

Muka isa rana ta kusa tsaka. Ban gane wurin ba. Duwatsuna bakwai sun haifi 'ya'ya da jikoki, sun zama ɗan bango har gwiwa. An share ƙarangiya, an kafa reshe an rataya tsohuwar buta, har wani ya bar guntun tabarma. Tun da aka kama Muktari ba wanda ya sake kusantar wurin, saboda haka sawu yana nan yadda aka bar shi.

Ɗangana ya hana kowa matsawa. Ya tuɓe takalmi, ya zagaya a hankali, ya tsuguna.

"Ranka shi daɗe, zo ka gani. Sojanka in ya zube ƙasa, da mi shika sauka?"

"Da ƙirji da gwiwar hannu."

"To nemo mini ƙirji ɗaya a nan." Ya nuna da tsinke. "Ga gwiwa biyu. Ga tahin hannu biyu. Ga goshi, ga hanci ƙasa da shi. Ga yatsun ƙahwa a kahe. Haka, haka, har mutum tara a sahu. Wanga na gaba tsoho ne, in zai tashi sai ya dahe ƙasa da dunƙulen hannu. Can baya mace ce ita ɗai, da goyo, don duddugenta ya nutse. Ga inda sunka bubbuga ƙasa sunka yi taimama, ruwa na da tsada a nan. Bindiga kuwa, in an aje ta tana barin kwanciyarta. Ni sanduna nig gani, na makiyaya."

Liyetna ya daɗe a tsugune. Shi ma mai salla ne, goshinsa ya nuna. Madam ta rufe baki da hannu.

"Na ga lokutan," ta ce a hankali. "Azahar, la'asar. Na gan su, amma taswira ba ta nuna masallaci a nan ba, sai ban kawo salla a raina ba."

Na ce a zuciyata shi ke nan, an sallami Muktari, ni ma na tsira, kowa ya tafi gida. Sai Liyetna ya miƙe ya karkaɗe gwiwa.

"Na yarda salla ake yi. Amma daji ya fi kwana goma faɗi. Me ya sa masallacin ya zauna daidai kan akwatina, ba taku ɗaya gaba ba, ba taku ɗaya baya ba? Wanda ya shata shi ya san abin da ke ƙasa. Wanda na kama da shebur kuwa shi ke hidimar wurin. Ban ga abin da zai hana Yamai ba."

Ɗangana ya miƙe. Ya bi bangon yana taɓa duwatsun ɗaya ɗaya, yana ɗaga wasu. Ya ware bakwai na ƙasa, ya ce waɗannan sun riga sauran zama, gara ta yi gini a gindinsu, kuma wanda ya jera su a zaune yake, rago ne, ko tashi bai yi ba. Wani soja ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Sai ya koma bakin ramin da Muktari ya fara tonawa, ya sa gefen hannu yana share rairayi a hankali kamar mai neman ƙwai. Busasshiyar laka ta bayyana. A tsakiyarta, rana ta gasa shi ya yi tauri kamar an zana a tukunya, ga sawun ƙafar dama, a buɗe, yatsa huɗu.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya jawo buzunsa daga kafaɗa, ya shimfiɗa a gefen sawun, ya zauna, ya fiddo goro.

"Na wane ne?" in ji Liyetna.

"Nan sawu ya ƙare, ranka shi daɗe. Ni ƙasa nika karantawa."

"Baba, surukinka ne a ɗaure. In ka san mai ƙafar nan, faɗi."

"Mai ita shina da baki."

Ya ɓare goron. Ya san gobe Alhamis. Ɗiyarsa kwana huɗu ba ta ci abinci ba. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da kuɓutar da mijinta, amma ya zauna yana tauna, ya bar mini kalmar. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba a shekara goma sha tara: ya ɗago kai ya dubi fuskata. Ba harara, ba komai. Kallo dai, kamar yana so ya ga wane irin mutum ne yake zaune a kan ƙafafun nan da ya sani.

Na ce muku ɓarawon rago bai kai la'asar ba. Ni ban kai ya gama rabin goro ba. Na sunkuya na kwance takalmin, wancan dai da na ƙi ɓatawa, na taka na sa ƙafata a cikin sawun. Ta zauna daram, kamar kare ya koma raminsa.

Na faɗi komai, rami goma sha ɗaya, inuwa, duwatsu bakwai, zazzaɓin ƙarya. Liyetna ya zagaye ni sau biyu.

"Kana nufin ka tayar mini da mota huɗu, ka sa na tsare bawan Allah, saboda kana ƙyuyar tashi tsaye?"

"Da ƙyuyar tona, mon liyetna."

Ya dubi sama, ya ga rana ta karkata. Ya ce a yi salla tukuna, kada ya yanke hukunci da fushi. Madam ta mayar da akwatin raminsa don ta gwada ko ya lalace. Muka yi taimama, aka tura Ɗangana gaba, Liyetna da sojojinsa shida suka yi sahu, ni a can ƙarshe inda ba wanda ya so ya matso kusa da ni. Muna sallamewa sai na'urar hannun Madam ta fara kuka. Ta duba, ta juya baya, kafaɗunta suna rawa.

"Mon liyetna, saƙo daga Tawa. Wai an ga mutum tara a goma sha bakwai, da shugabansu a gaba, sun zube sun tashi sau huɗu. Suna tambaya ko a turo ƙarin mota."

Ashe dariya ba tsoronsa take ji ba, taruwa take yi. Liyetna ya yi ta har sai da ya dafa bangon masallacina.

Ran Alhamis ɗin da za a kai Muktari Yamai, ranar aka sake shi. Ni kuma na kwana uku a inda ya tashi, ina amsa tambaya ɗaya da aka juya ta hanya arba'in, har suka gamsu cewa ba maci amana ba ne ni, rago ne kawai, kuma ba a kai rago Yamai. Kamfani ya karɓe sheburinsa daga hannuna. An ɗauke kunne na goma sha bakwai an kai wani wuri da ban sani ba, kuma ba wanda zai gaya mini. Madam Hadiza kuwa yanzu takan zo kasuwar dabbobi ran Lahadi da na'urarta, ta tsuguna gefen buzu ta nuna wa Ɗangana zane-zane, shi kuma ya ce mata wannan jaki ne da kaya, wannan raƙumi ne da dabaibayi. Ya ce yarinyar tana da kai, saura ta sha ruwan rijiya.

Ranar da na fito na tarar da Muktari durƙushe a bayan zanar Ɗangana, da cuku a ƙunshe. Na tsaya zan ba shi haƙuri. Shi ya riga ni.

"Ashe kai ne bawan Allahn. Mun daɗe muna yi maka addu'a."

Daga cikin gida Ɗangana ya yi gyaran murya, yana magana da Inna Mariama amma don a ji a waje.

"Ki ce ma mutumin Gawo Biyu shi sa mai ga ƙahwarshi ta hagu, na ga shina ɗingishi. Ki ce kuma Haula ta ci tuwo."

Iyakar abin da ya ce ke nan a kan maganar, har yau.

Masallacin yana nan, an ce har rumfa an yi masa, makiyaya suna kiransa Masallacin Yatsa Huɗu. Na je wurin limamin unguwarmu na tambaye shi ko ina da ladan duk sallar da ake yi a ciki, tunda ni na aza harsashi. Ya ce aiki da niyya yake tafiya, mece ce niyyata ranar? Na ce kada in sha rana. Ya ce to na samu abin da na yi niyya.

Na kawo wa Ɗangana ƙara. Yana zaune a ƙofar gida, kansa a ƙasa kamar kullum.

"Tsoho, yanzu dai ka san huskata."

"Na gan ta sau ɗaya," ya ce. "Ƙahwar ta hi."